Jirgin Helsinki zuwa Stockholm, awa ɗaya a tikiti amma ka ware huɗu

Jama'a duk wanda ya buɗe manhajar sayen tikiti ya rubuta Helsinki zuwa Stockholm abu na farko da zai gani shine tafiyar awa ɗaya ce, kuma ba ƙarya suka yi ba, jirgin kam abin da yake ci kenan. Amma dan Allah kar mutum ya ɗora shirinsa kan wannan awa ɗayan, don daga ƙofar masaukinka a Helsinki zuwa inda zaka a tsakiyar Stockholm sai ka ware awa uku da rabi zuwa huɗu in kana son ka isa cikin natsuwa ba da haki ba. Hanya ce da nake bi kuma ina jin daɗinta, shi yasa nake so in faɗi yadda take tsakani da Allah, inda ta burge ni da inda take ci mun rai.

Nisan da ke tsakanin garuruwan biyu, Helsinki ta Finlan da Stockholm ta Suwidin, a miƙe wajen kilomita 400 ne, ba wani nisa bane. Abin da ya raba su ruwa ne, tekun Baltik, babu gada babu hanya ta ƙarƙashi, in kuma kace kai sam ta ƙasa zaka bi da mota ba zaka shiga jirgin ruwa ba toh sai ka nausa arewa har Tornio ka tsallaka Haparanda ɓangaren Suwidin sannan ka gangaro kudu, sama da kilomita 1,700 kenan, tafiyar da ba mai yinta sai wanda yawon buɗe ido ya kawo shi. Saboda haka zaɓi biyu ne a gaban mutum, ko sama ko ruwa. Kuma hanyar saman tsohuwa ce fa, Finnair, kamfanin jiragen sama na Finlan, tun yana da sunan Aero ya fara kai mutane Stockholm a 1924, shekara ɗaya bayan kafa shi, lokacin da jiragen ma kan ruwa suke sauka.

Mutane da yawa suna tambaya wai jirgin da ke gudun sama da kilomita 800 a awa me zai sa ya ci awa guda kan kilomita 400, ai kamata yayi minti 30 ta ishe shi. Toh lokacin da aka rubuta maka a tikiti ba daga tashi ake fara ƙirga shi ba, daga sanda aka janye jirgin daga inda yake fake ne har sanda ya tsaya cak a wancan gefen. Tafiyar da zai yi a ƙasa a hankali zuwa titin tashi tana ciki, jiran layi in akwai jirage a gaba yana ciki, sannan ko ya tashi ba nan take yake kai cikakken gudunsa ba, yana cikin hawa ne, kafin ya gama daidaita a sama an fara shirin gangarowa. Zaman sama zalla bai fi minti 40 zuwa 45 ba. Wallahi wani lokacin ma'aikatan jirgin suna gama raba abin sha zaka ji matuƙi yana cewa a ɗaura bel za a sauka, ka tura kofi kenan.

Sai maganar agogo, wadda ita tafi rikita baƙi. Finlan tana gaba da Suwidin da awa ɗaya, rani da damina haka abin yake don tare suke canza agogonsu. Kaga in ka tashi Helsinki ƙarfe 8 na safe zaka sauka Stockholm ƙarfe 8 na safe a agogonsu, sai ka ga tikiti an rubuta tashi 8:00 sauka 8:00 ka ɗauka kuskure ne, ba kuskure bane. A dawowa kuma sai ka biya bashin, ka tashi ƙarfe 6 na yamma ka sauka ƙarfe 8 na dare, a takarda kamar awa biyu alhali ɗaya ce. Duk lokacin da ke jikin tikiti na garin da abin ke faruwa ne, na tashi agogon inda ka tashi, na sauka agogon inda ka sauka. In wani zai zo ɗaukarka ka faɗa masa da agogon garinsa ka kuma maimaita, don na ga an bar bawan Allah da jakunkuna yana jira awa guda saboda wannan kawai. Ga mai taro ko ganawa da safe a Stockholm kuwa wannan awar kyauta ce babba, shi yasa jiragen asuba suke cika da masu kwat da jakar kwamfuta da zasu je su dawo a ranar, hanyar ta zame musu kamar motar haya ta zuwa aiki.

Ɓangaren Helsinki gaskiya ba ni da abin cewa sai yabo. Filin jirgin yana Vantaa, ƙasa da kilomita 20 arewa da tsakiyar gari, an buɗe shi tun 1952 shekarar da suka karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, amma abin da ya gyara zuwansa shine layin dogon da aka buɗe a 2015. Jirgin ƙasa biyu ne, mai harafin I da mai harafin P, zobe suke yi ɗaya ya bi ta gabas ɗaya ta yamma, duk wanda ka samu a babbar tasha ka hau kawai zai kai ka cikin kamar minti 30, tashar kuma a ƙarƙashin filin jirgin take sai dai ka hau lifta ko matakala mai tafiya da kanta ka ɓullo ciki. Kuɗin bai wuce yuro 5 ba. Abin lura ɗaya, tikitin ABC zaka saya, wato mai haɗa shiyyoyin A da B da C, don filin jirgin yana shiyyar C, kuma ka saya kafin ka shiga ko a manhajar HSL, hukumar sufurin garin, ko a na'urar da ke tasha, in masu duba tikiti suka same ka babu toh tara ce mai nauyi kuma ba ruwansu da cewa kai baƙo ne. Tun 2022 sun haɗe komai a gini ɗaya, babu zancen wane tamina zan je, ƙofa ɗaya ce kowa ke shiga. Wajen bincike yana sauri yawancin lokaci amma da asuba akwai layi, ni dai awa ɗaya da rabi kafin tashi nake so in ganni a ciki, in da jakar da zan bayar a auna in ƙara kaɗan.

Cikin jirgin kansa babu wani dogon labari don ba a daɗewa. Finnair da SAS da Norwegian su aka fi sani a hanyar, jiragen matsakaita ne irin su Airbus A320 da Embraer 190, layin tafiya ɗaya a tsakiya. A Finnair suna ba da ruwa da jus ɗin blueberry ɗin nan nasu kyauta, kuma ina son shi sosai, a SAS shayi da kofi ne kyauta, abinci kuwa sai ka saya amma wa zai damu da abinci a tafiyar minti 40. Abin da zan ce kar ka bari ya wuce ka shine kujerar taga in rana ce kuma gari garau. Jirgin yana bi ta saman tsibiran da ke gaban Turku da na Åland, su Åland ɗin kaɗai tsibiri sama da 6,000 ne, daga sama zaka gansu barbaje cikin ruwa ƙanana da manya har ido ya kasa ƙirgawa, kafin ka gama kallonsu kuma an shiga na gaɓar Suwidin. Na sha hawa jirgi a wurare daban daban amma wannan kallon har yanzu bai gundure ni ba.

Inda lissafi ke fara canzawa shine bayan an sauka. Arlanda, filin jirgin Stockholm, yana da nisa da gari, wajen kilomita 40 arewa da Stockholm, kusan ma tsakiya yake tsakaninta da Uppsala. Hanya mafi sauri ita ce Arlanda Express, jirgin ƙasa ne da ya fara aiki a 1999, minti 18 ya kai ka babbar tasha, ga tsabta ga wurin jaka ga shi baya daɗewa wani ya zo, amma kuɗinsa ya haura kurona 300 zuwa kawai, wato in ka dace da tikitin jirgin sama mai sauƙi zaka iya ganin wannan minti 18 ɗin ta kusa kamo shi. In kana sauri ya cancanci kuɗinsa ba musu. In ba ka sauri akwai bas ɗin Flygbussarna, kamar minti 45 zuwa 50 in hanya ba cunkoso, kuɗinsa bai kai rabin na wancan ba. Masu zama a garin kuma da ɗalibai abin da suke yi shine su hau bas 583 zuwa Märsta daga nan su shiga jirgin ƙasa na gari da tikitin SL, hukumar sufurin Stockholm, na yau da kullum, ya fi kowanne araha amma ka ba shi awa ɗaya da wani abu, kuma in kana jan manyan jakunkuna biyu da yara ban ba ka shawara ba. Akwai jirgin ƙasa na gari da ke tsayawa a Arlanda kai tsaye amma shi sai ka biya ƙarin kuɗin shiga tashar. Tasi kuwa ka tambayi farashi kafin ka zauna, a Suwidin kowane kamfanin tasi shi ke yanka kuɗinsa, akwai takarda ruwan ɗorawa a jikin gilas da ke nuna farashin, ka karanta ta.

Toh haɗa lissafin da kanka. Minti 30 zuwa Vantaa, awa ɗaya da rabi a filin jirgi, awa ɗaya a jirgi, minti 20 zuwa 30 kafin ka fito ka ɗauki jaka ka isa tasha, sannan minti 18 ko 45 zuwa gari. Ba ka saka tafiyar daga gida zuwa tasha ba ma. Awa huɗun nan da na faɗa ba ƙari na yi ba.

Kar kuma ka manta kuɗi ya canza. Finlan yuro suke kashewa, Suwidin kurona, amma kar ka wahalar da kanka da canji a filin jirgi don a Stockholm kati ne komai, bas ba ya karɓar tsabar kuɗi, shaguna da yawa ma sun rubuta a ƙofa cewa kati kawai, katin bankinka da ake ɗorawa a na'ura ya ishe ka har shiga jirgin ƙasa.

Abin da ke ɓata mun rai a hanyar nan gaskiya shine sha'anin jaka. Zaka ga tikiti da farashi mai daɗi ka yi murna, sai ka zo biya ka tarar ƙaramar jakar da zata shiga ƙarƙashin kujera kaɗai aka yarda maka, ƙaramin akwati na sama da kai sai ka ƙara kuɗi, babban akwati ka ƙara, zaɓen kujera ka ƙara, kafin ka gama farashin ya kusa ninkawa. Araha ba ta ado. A wani kamfani da ba zan kama sunansa ba na ga an tsare wata baiwar Allah dattijuwa a bakin ƙofar shiga jirgi kan jakarta ta ɗan fi ma'auni, aka sa ta biya a wurin kuɗin da ya fi na intanet nesa ba kusa ba, tana ta lalube a jaka mutane na wucewa ta gefenta, abin ya tsaya mun a rai har muka sauka. Ƙa'ida ce na sani, amma a rubuta ta da manyan haruffa tun a shafin farko mana, ba sai mutum ya zo ƙofa ba. Shawarata ka kwatanta farashi bayan ka saka jakar da zaka tafi da ita da gaske, sau da yawa zaka ga tikitin da ya fi tsada da farko shine mai sauƙin a ƙarshe. Ruwa da turare da man shafawa a jakar hannu kuma ka tsaya kan mililita 100 kowanne ka huta da gardama.

Lokacin sanyi wani babi ne. A Disamba rana ba ta fitowa a Helsinki sai bayan ƙarfe 9, ƙarfe 3 da 'yan mintoci ta faɗi, kaga yawancin jiragen cikin duhu zaka hau ka sauka, kallon tsibirai sai a manta. Kafin tashi sai an wanke fukafukan jirgin da wani ruwa mai ɗumi da ke narkar da ƙanƙara, don ƙanƙara a fiffike tana hana shi ɗagawa yadda ya kamata, wannan kan ƙara mintoci kuma kana zaune a ciki ake yi. Amma in faɗi gaskiya mutanen nan sun iya dusar ƙanƙara, irin zubar da zata rufe filin jirgi a wata ƙasar su motocin shara kawai suke jerawa su share titin a ci gaba da aiki. Duk da haka in kana da wani jirgin da zaka kama a Stockholm da tikiti daban, tsakanin Nuwamba da Maris ka bar tazara mai kyau, awa uku ba ta yi yawa ba, don in tikitin ba a haɗe yake ba kamfani na biyu ba ruwansa da dalilin makararka.

Takardu kuma, ƙasashen biyu duk suna cikin Shengen tun 2001, biza ɗaya ta ishe ka kuma ba a bi ta wajen buga hatimi. Amma 'yan uwa kar wannan yasa ka bar fasfo a gida. In kai ba ɗan ƙasar Tarayyar Turai bane ka riƙe fasfonka da katin izinin zama tare, katin shi kaɗai ba takardar tafiya bane, kuma Suwidin tun ƙarshen 2015 take binciken wucin gadi a iyakokinta, 'yan sanda suna iya tsayar da kai su tambaya ko a filin jirgi ko a tashar ruwa.

Ba zai yiwu in yi maganar hanyar nan in tsallake jirgin ruwa ba, don ga wasu shine ma ya fi. Tallink Silja da Viking Line suna tashi daga tsakiyar Helsinki wajen ƙarfe 5 na yamma su isa Stockholm wajen ƙarfe 10 na safe, awa 17 zuwa 18. Ka ji kamar ya yi yawa ko, amma duba abin da ke ciki, ɗakin kwana ne da gado da bayi, wato ka huta da kuɗin otal na dare ɗaya a garuruwan da otal ke da tsada, ba mai auna maka akwati, zaka iya shiga da motarka, yara suna da wurin wasa, kuma daga cikin gari kake tashi a cikin gari kake sauka babu zancen kilomita 40. Fitarsa daga Helsinki yana ratsa wani siririn mashigi a gefen ganuwar Suomenlinna har ka ga kamar zai goge dutse, da safe kuma awanni yake yi yana bi tsakanin tsibiran Stockholm a hankali kana ganin gidajen katako jajaye a bakin ruwa. Cikin dare yana tsayawa Mariehamn, babban garin Åland, na 'yan mintoci, dalilin kuwa Åland duk da tana ƙarƙashin Finlan da mulkin kanta, ba ta cikin yankin harajin Tarayyar Turai, tsayawar nan ita ke ba jirgin damar sayar da kaya ba haraji, cinikin nan kuma shi ke sa tikitin sauƙi. Sai dai in gaya maka gaskiya, giya tana cikin manyan abin da ake saya, daren Juma'a da Asabar akwai masu shiga don shagali kawai, in kai mai iyali ne ko mai son shiru ka zaɓi tsakiyar mako ka kuma nemi ɗaki a benen sama nesa da wurin kiɗa. Akwai kuma ta Turku, jirgin ƙasa kamar awa biyu daga Helsinki sannan ruwa wajen awa 11.

Ni a wurina in aiki ne ya kai ni ko kwana ɗaya biyu zan yi da ƙaramar jaka, jirgin sama ba tantama, kuma na safe, don su suka fi tashi kan lokaci tunda makarar yini ba ta fara taruwa ba. In iyali ne da kaya, ko mutum zai ƙaura, ko zuwansa na farko kenan yana so ya ga ƙasar da idonsa, ruwa ya fi kuma ba da kaɗan ba. Wasu ma rabawa suke su tafi ta ruwa su dawo ta sama, kuma tsari ne mai kyau.

In kuma aka yi rashin sa'a jirginka ya makara, akwai dokar Tarayyar Turai ta 2004 da ta shafi hanyar nan, in ka isa a makare da awa uku ko fiye a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba kana da haƙƙin diyyar yuro 250, sai dai in dalilin abu ne da ya fi ƙarfin kamfanin kamar mummunan yanayi. Ba zasu biyo ka da ita ba, kai zaka nema. Ka adana takardar shiga jirgi, ka ɗauki hoton allon da ke nuna makarar, ka tambayi ma'aikaci dalili tun kana wurin, sannan ka cike fom a shafin kamfanin da kanka ba sai ka ba 'yan tsakiya masu yankar kaso ba.